Gudun Barmo

Tun da ƙanensa Mukhtar ya zo hutu daga jami'a da lambar yabo ta ƙungiyar gudu, tuwo ya daina yi wa Barmo daɗi. Ga karatun likita, ga gudu, duk Belbeji ba a zancen kowa sai shi.

Ran nan taguwarsu ta tsinke igiya a bakin rijiya. Mukhtar ya tsaya miƙe ƙafafu, wai haka ake yi kafin gudu. Barmo kuwa ya bi raƙumar ba takalmi, cikin ƙarangiya, har ya kamo ta.

Ya dawo yana haki, ya tarar innarsu tana nuna wa mata Mukhtar.

Ta ce, "Kun gani? Ko tsayuwarsa ta masu ilimi ce."