Hannun Jovelyn

Erlinda na cikin kwance wa tsohon da ke ɗaki na tara bandejin ƙafa sai shugabar gidan ta leƙo.

"An samo miki abokiyar aiki, 'yar ƙasarku, jiya ta sauka daga Filifin. Sai ki bar kunnena ya huta."

Mita kam Erlinda ta yi ta. Shekara guda tana faɗin nas ɗaya ba za ta iya da mutum talatin ba a wannan gidan tsofaffi na Manitoba. Da bakinta ta ce a je ƙasarsu a ɗebo, can akwai masu hannu.

Tana shiga ɗakin shan shayi ta tsaya cak. Fuskar nan ai a waya ta saba ganinta, duk Talata da Juma'a, durƙushe gaban ƙafar mahaifiyar Erlinda da ciwon suga ya ci. Jovelyn ce, nas ɗaya tilo a asibitin tsibirinsu.

"Ate Linda." Jovelyn ta kira ta yaya da yarensu, ta miƙo ƙunshin busasshen mangwaro, idonta a ƙasa. "Tsarabar Nanay ce, mahaifiyarki ta ce in kawo miki."

"Wa ke wanke mata ƙafa?"

"An sa wa asibitin kwaɗo, Ate. Sun ce za a turo wata, amma 'yan ajinmu na makarantar nas kaf mun watse ƙasashen waje."

"Sati uku Nanay tana ce mini kyamarar wayarta ta lalace."

"Ita ta roƙe ni in yi shiru. Wai wanda ke ƙasar waje ba a ɗaga masa hankali."

Erlinda ta tuna ƙaton kwalin da ta yi wata huɗu tana cikawa da auduga da bandeji, ta aika ta jirgin ruwa da sunan Jovelyn a jiki. Yanzu haka yana tsakiyar teku.

"Yaya kika bar ƙafar?"

"Yatsa biyu sun fara baƙi. Na koya wa maƙwabciya, sai dai ba ta gani sosai."

Tsoro ya kama Erlinda, haushi ya biyo baya. Ta so ta zazzage ta tas. To, da wane bakin? Daga wannan asibitin ita ma ta fito, shekara sha ɗaya ke nan.

Ƙararrawar ɗaki na tara ta kaɗa.

"Wanke hannu, mu je," in ji Erlinda.

Ta tsaya riƙe da kwano tana kallo, Jovelyn ta durƙusa ta tallafi ƙafar a hankali, yadda ta saba. Tsohon ya yi ajiyar zuciya.

"Wannan akwai hannu, Linda. A ina kuka samo ta?"