Ranar da Aka Yi Darasi da Bakina

Ni Sunusi, dillalin hatsi ne a kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ban yi nisa a boko ba, amma na zaga ƙasa a bayan manyan motoci, kuma da bakin nan nawa na ci abinci duk rayuwata. Shi ya sa da wani farin tabo ya fito min a cikin leɓen ƙasa, daidai inda nake ajiye taba gari tun ina saurayi, na ja bakina na yi shiru. Ba ya zafi sai na ci yaji. Na daina yaji, na ce magana ta ƙare.

Ga shi kuwa 'yata malama ce a makarantar likitocin haƙori a Kano. Cututtukan baki take koyarwa, wanne za a ƙyale, wanne za a yanke tun bai ci mutum ba. Sunanta ba za ku gani a nan ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Haka muka taso: ba na kiran sunanta, ba na cin abinci a gabanta, in tana tsakar gida ina zaure. Balle in wage mata baki.

Matata Zuwaira ce ta kai ƙarata, da ta ga ina cin rogo ba yaji. Ba a jima ba sai ga waya daga 'yata.

"Baba, alfarma nake nema. Zan kawo ɗalibaina Kiru su duba bakin mutane, amma nauyin dattawa suke ji. Da za a samu dattijo mai haƙuri su fara da shi."

Na yi ciniki da waɗanda suka fi ta wayo, don haka na gane tarkon. Na ce, "Akwai dattijon. Amma ɗalibai za su duba, ban da malamarsu."

"Na yarda, Baba."

A wani aji na firamare suka zaunar da ni kusa da taga. Ita kuma ta tsaya ta fuskanci allo, ta ba ni baya, da alli a hannunta. Ɗalibai biyu suka matso da tocila, wani dogo Mujitaba, da wata 'yar garin Doguwa, Ramla.

"Mujitaba, me ka gani?" in ji ta.

"Fari ne, Dakta."

"Nono ma fari ne. Goge da auduga. Ya fita?"

"Bai fita ba."

Ta rubuta a allo. "To, tambayi mai bakin. Ba akuya aka kawo maka ba."

Yaron ya rusuna. "Baba, kana shan taba?"

"Ɗana, ban taɓa kunna sigari ba." Gaskiya kuwa na faɗa.

Ramla ta yi murmushi. "Ba tabar sha ba, Baba. Mai kanwar nan. Kakata ma a nan take ajiye tata."

Na ce, "Ke, in likitanci ya ƙi, ki same ni a kasuwa."

Aka yi dariya. Sannan Ramla ta sa safar hannu ta lalubi wurin, sai na ga dariyar ta bar fuskarta. "Dakta, akwai ɗan ja a tsakiya. Kuma kamar da tauri a ƙasansa. Ban tabbata ba."

Allin ya tsaya.

"Baba," in ji 'yata, har lokacin allo take kallo, "taurin nan shi ne maganar. Ba a jin sa da kunne, sai yatsan da ya saba."

Ba ta juyo ba. Alkawari ta yi, kuma na san ba za ta karya ba, ko da kuwa abin zai kai ni kushewa. Na dubi hannunta, na ga allin ya karye gida biyu.

Na ce wa Mujitaba, "Faɗa wa malamarku barci nake ji. In na rufe ido, ban san wanda ya zo ba."

Na rufe ido, na buɗe baki. Na ji takunta, na ji yatsu biyu sun kama leɓena a hankali. Sai ta kira ɗalibanta. "Kowa ya zo ya taɓa nan. Wannan taurin ku riƙe shi a yatsunku, kada ku manta."

A Kano wani abokin aikinta ya yanki kaɗan aka gwada. Ashe tabon ya fara rikiɗa zuwa ciwon daji, amma bai yi nisa ba, aka cire shi gaba ɗaya. Da izinina, wai ɗan naman nan yana cikin gilashi, ana nuna wa sababbin ɗalibai. Na gaya wa 'yan kasuwa ni ma yanzu koyarwa nake a jami'a.

Gwangwanin tabar yana aljihuna, kanumfari ne a ciki. In 'yata ta zo gida kuwa, bayan an gaisa sai in jingina da bangon zaure in lumshe ido. Zuwaira ta leƙo, ta koma ciki tana cewa, "Malama, ɗauko tocilarki, dattijon ya fara barcinsa."