Auwal, Ɗan Tsufan Malam Ɗalha

Malam Ɗalha ya haura sittin ran da aka raɗa wa ɗansa na fari suna. Matarsa ta farko ta rasu ba su taɓa haihuwa ba, ya daɗe shi kaɗai a gidansu na gado a unguwar Koki, yana ɗinkin manyan riguna a zaure. Daga baya ya auri Turai, malamar makarantar sakandare daga Sheshe, wadda karatu da jinyar mahaifinta suka riƙe ta har ta kusa arba'in ba ta yi aure ba. Da ta haifi namiji, unguwa ta ɗauka. Aka sa masa Muhammad Auwal.

Yaron ya yi zama, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa a kan lokaci. Magana ce ta ƙi zuwa. Ya shekara uku ba ya cewa komai, ba ya kallon idon mutum, in aka kira shi kamar da bango ake. Sai ya wuni a gindin rijiya yana jera marafan kwalba. Ƙarar injin markaɗen maƙwabta kuwa, da ya ji ta sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe.

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Yaya Asibi, yayar Malam Ɗalha, ta fara cewa iska ce. Da magani ya ƙi ci, sai ta sauya magana.

"Mace ta zauna boko ya cinye mata ƙuruciya," in ji ta, a tsakar gida, Turai na ji. "Me ake tsammani daga ragowar ƙwai?"

Washegari Turai ta ce da mijinta su je asibiti.

Likitar yara, Dakta Shamsiyya, ta daɗe tana wasa da Auwal a ƙasa kafin ta koma kujerarta. Ta ce abin da ke damunsa a asibiti otizim ake ce masa, mutane kuma sukan haɗa shi da galahanga. Ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Sannan ta tambayi iyayen shekarunsu da iya karatunsu.

"Likita, ki faɗa mini gaskiya," in ji Turai. "Jinkirin auren da na yi ne?"

"Ba wanda zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne sanadi. Bincike ya nuna yawan shekarun iyaye yana ɗan ƙara yiwuwar abin, na uwa da na uba duka. Amma tsofaffi nawa suka haifi 'ya'ya ba su da shi? Matasa nawa nake gani a nan da irin yaronku? Karatu kuwa, abin da na sani shi ne ya sa kin lura, kin kawo shi."

"Har da na uba?" Malam Ɗalha ya tambaya.

"Har da na uba, Baba."

Kwanakin da suka biyo baya Malam Ɗalha ya rage magana da cin abinci, ya daina zama da abokansa bayan la'asar. Wata rana da hantsi Turai ta same shi a zaure, allura a hannu, ba ya ɗinki.

"Malam, wannan shirun ya isa."

"Na bari Yaya ta ɗora miki kaya, ashe rabinsa nawa ne," ya ce. "Shekara talatin ina roƙon Allah ɗa. Ban taɓa tunanin me tsufana zai yi masa ba."

"To ka mayar da shi mana, in ana mayarwa."

Ya ɗago da sauri. "Subhanallahi! Turai!"

"Ka gani? Ni ma ba zan mayar ba. Likita ta ba mu aiki, ni kaɗai nake yi."

Aikin ba ƙarami ba ne. Turai ta ajiye kunyar ɗan fari, ta koma kiran sunansa gatsal a gaban kowa, tana durƙusawa daidai fuskarsa, tana nuna masa kofi tana cewa ruwa. Mata suka yi ta gulma, ta toshe kunne. Malam Ɗalha ya je da kansa ya sami yayarsa, ya ce maganar shekaru ta mutu daga yau, in kuwa za a tashe ta, da shi za a fara. Ya shimfiɗa wa yaron tabarma kusa da shi a zaure, ya ba shi ƙwarƙwaron zare kala-kala. Auwal ya koma jera su, ja a gefe, shuɗi a gefe.

Yanzu ya shekara shida. Kalmominsa ba su da yawa, kuma akwai ranakun da ba ya furta ko ɗaya. In yana son abu yakan kamo hannun uban ya kai shi wurin.

Abin da ke hana su sakewa shi ne gaba. Malam Ɗalha idonsa ya fara rauni, Turai ce ke zura masa zare. Sun yi maganar sau ɗaya a fili, ba kuka: wa zai riƙe shi in babu su? Suka tsayar da shawara a kan Lauratu, ƙanwar Turai da ke aure a Dala, ita da mijinta suka ce sun ji sun karɓa.

Shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ɗalha ke riƙo hannun ɗansa su bi lunguna a ƙasa zuwa Dala, hanya ɗaya kullum, don yaron ba ya son a sauya. Da farko a ƙofar gidan Lauratu Auwal yake tirjewa. Daga baya ya yarda da zaure. Makon jiya ya shiga har ɗakin Lauratu, ya karɓi tuwo daga hannunta, uban yana zaune a waje yana jira.