Kunnen Baba Ishaku

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Makera ya koyi kaɗa ƙuri'a, har dattawan cocinmu. Mutanen da launin fentin bango ma sai sun shekara suna gardama a kai, wai su ne za su yi zaɓe a kan Baba Ishaku: ko ya ci gaba da buga fiyano a sujadar Lahadi, ko a karɓe a ba wani.

Kunnensa ne ya jawo masa. Rabin rayuwarsa ya yi shi a ɗakin injinan wata masaƙa a Kakuri, inda sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka. Masaƙar ta rage ma'aikata har da shi, matarsa ta rasu, abin da ya rage masa na fita cikin mutane shi ne fiyanon nan na lantarki da ke gefen bagadi. To amma kwanan nan mawaƙa sai su shiga baiti na biyu shi yana can yana jan na farko. In an yi magana ya ce su ne ba su iya ƙirga ba.

'Yarsa Judith, tela ce a bakin kasuwa, ita ta tsaya masa. Ta ce wa dattawa su zo su ga yadda yake koya mata, ko kuskure ɗaya ba ya wuce shi. Da zuciya ɗaya ta faɗa, don ta yarda da hakan.

Ranar Asabar da rana Dattijo Joseph, shugaban dattawan, ya zo ya zauna a bencin baya ya harɗe hannu. Ni ma ina nan ina goge kujeru, kuma ban ɓoye ba, ina bayan Baba Ishaku.

"Zauna sosai," in ji Baba ga Judith, da muryarsa mai cika coci. "Ki lanƙwasa yatsu kamar kin riƙe lemo. Ina do?"

"Ga shi, Baba. Farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu."

"Babban yatsa shi ne ɗaya. Do, re, mi, sai ki zura shi ta ƙarƙashi ya kama fa. Kada ki ɗaga gwiwar hannu, ba ɗinki kike yi ba."

Ta hau, ta sauko, sannan ya sa ta fara daga re. Da gangan ko da tsoro, ta danna fari a inda ya kamata ta danna baƙi. Nan take ya buga cinya.

"A'a! Baƙin, Judith, baƙin! Sau nawa zan faɗa?"

Ta waiga ta kalli Dattijo Joseph, fuskarta cike da murna. Ni ma har na ce a raina, to, sai a je a nemi wani abin zaɓen.

Suka shiga waƙar da za a yi gobe. Baba yana tafa hannu yana ƙirga mata, ɗaya, biyu, uku, huɗu, idonsa a kan yatsunta. Tana tsakiyar baiti aka ɗauke wuta. Injin markaɗen maƙwabta ya yi tsit, fiyano ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas na roba a ƙarƙashin yatsunta.

Ta ɗan tsaya.

"Me kika tsaya yi? Ci gaba! Uku, huɗu!"

Ta kalle shi. Bai san komai ba. Rana ce, ba fitilar da za ta mutu ta gaya masa. A nan ta gane cewa duk watannin nan da ido yake kama kuskurenta. Ni kuma tausayi ya kama ni ƙwarai.

Ta mayar da hannu ta ci gaba da dannawa. Baba yana gyaɗa kai, har ya fara bin waƙar da baki.

"Yauwa! Kin ji yadda ta fita tas yanzu?" Ya juya baya yana murmushi. "Dattijo, ka ji ko? Wai ni ne ba na ji!"

Dattijo Joseph ya sauke hannuwansa. A hankali ya ce, "Ishaku, ai babu wuta."

Baba ya kafa masa ido yana jiran amsa, don bai ji ba. Dattijo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa masa kai, ya ɗauki hularsa ya fita.

"Kin gani? Kunya ta kore shi," in ji Baba. "Share fuskarki, zufa ta jiƙa ki. Mu sake daga farko."

Judith ta goge idonta da gefen ɗankwali, ta ɗora babban yatsa a kan do.