Sha Biyu ga Rajab

Tun da Auta ta shigo ofis da safe zama ya gagare ta. Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo, ta sake tashi. Da la'asar yayanta zai je gidan Baba karɓar makullin shago, kuma da aikin hannunta zai kafa hujja.

Ita ta rubuta sashen da ke juya kwanan wata a manhajar kalandar kamfaninsu. Mai son lissafin Miladiyya ya zaɓa, mai son na Hijira ya zaɓa, kowa da yadda idonsa ya saba. Baba, mai gyaran keken ɗinki, ya sa ta saka masa a waya, yana nuna wa duk wanda ya shigo shago, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Jiya aka tayar da zancen rasuwar Mama, shekara uku ke nan. Baba ya ce ranar sha biyu ga Rajab ce. Yaya ya zaro waya, ya shigar da kwanan da ke takardar asibiti, manhaja ta ce sha ɗaya. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki.

"Kin gani ko?" in ji shi da suka fito waje. "Ran nan ya bar shago a buɗe, yau ya manta ranar da matarsa ta rasu. Ya isa haka. Ya dawo gidana ya huta."

Auta ta san Baba. In aka raba shi da shagon nan, an gama da shi.

Sau uku tana bin lissafin layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Wani abokin aikinta ya leƙo ta saman kwamfutarsa ya ce, "Malama, ƙafarki fa tana girgiza mana tebur." Ta tsayar da ƙafar, biro ya karɓi aikin, tana ƙwanƙwasa shi a tebur.

Sai ta buɗe hoton takardar asibitin, ta bar kwanan wata ta dubi lokaci. Ƙarfe bakwai da minti ashirin na yamma. A lissafin Hijira sabuwar rana da faɗuwar rana take shiga, abin da ta sani tun tana ƙarama. Amma da ta zauna gaban kwamfuta, sai ta sa manhajar ta jira sha biyun dare. Mama ta cika ne bayan rana ta faɗi. Sha biyu ga wata ya riga ya kama.

Ta kira Yaya, bai ɗauka ba. Ta suri jaka ta tari tasi. A shataletale cunkoso ya riƙe su, direba kuwa ko a jikinsa, yana ta neman tasha a rediyo. Ta sauka ta ƙarasa a ƙafa, takalmi yana cin ta.

Ta tarar da makullin a kan tebur, tsakanin Baba da Yaya. Ba ta ko gama sallama ba.

"Yaya, Baba ne da gaskiya. Kuskuren nawa ne."

Ta yi bayani tana haki. Yaya ya dubi wayarsa, ya dubi ƙasa, ya shiga sosa ƙeya.

"Na sani," in ji Baba. "Sai da na idar da magariba na dawo bakin gadonta, sannan ta cika."

Auta ta ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba jiya? Har ka yarda ka ajiye makulli?"

Baba ya gyara zaman tabaransa.

"In ce aikinki bai yi daidai ba a gaban yayanki? Gara a ce ni ne na tsufa."