Kwanon Gwaji

Kwanon sha ne na silba, cike da ruwa har baki. Liti ya ɗauko shi da hannu biyu, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da garwashi, ya ajiye shi a kan katakon da za a shimfiɗa katifa a cikin 'yar tirelar, ya rufe ƙofa. Sannan ya shiga Dattijuwa, tsohuwar jif ɗinsa, ya tayar da ita, ya ja tirelar zuwa hanyar gonaki ta bayan Kurugu, inda amalanken shanu suka bar ramuka. Da ya dawo ya buɗe, katako ya jiƙe sharkaf. Ya girgiza kai, ya ce wa autarsa Bahijja ta shiga ta gaya wa mahaifiyarta sifirin tayoyin tirelar bai yi laushi ba tukuna. Gwaji na biyar ke nan.

Duk wanda ya san Liti ya san ba a koya masa mota. Shekara arba'in yana kwaso gyaɗa da dawa daga ƙauyukan Karaye da Rogo, ta hanyoyin da jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya bi, kuma bai taɓa kai motarsa gareji ba. Gindin darbejiyar ƙofar gidansa, nan ne garejinsa. Tirelar ma a nan ya ƙera ta. Ya ciro tayoyin baya da ƙarfensu daga wata matacciyar mota, ya yi walda, ya kafa katako, ya rufa kwano, ya sa sili saboda zafi, ya fasa taga biyu ya lulluɓe su da ragar sauro. A baya ya ɗaure tankin ruwa da akwatin risho. Don kansa ya fara ta, don ya huta da kwanan rumfar kasuwa lokacin kaka. 'Yan majalisar hira ta unguwa suka sa mata suna ɗakin Liti, suna tambayarsa ko zai fitar mata da masai.

Kafin ya gama, ciwo ya kwantar da matarsa Saude. Aka yi zaryar asibiti a Kano wata bakwai, daga ƙarshe likita ya ja Liti gefe ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Ciwon ya ci ƙashin bayanta, ba ta iya zama, ko juya ta za a yi sai mutum biyu.

Da suka dawo, abu ɗaya ta roƙa. Tana da yaya, Sadiƙa, a wani ƙauye gaba da Fulatan. Shekara goma sha tara ba sa magana. Ranar da aka yi sadakar ukun mahaifiyarsu, Saude, wadda ba ta yi jinyar ko kwana ɗaya ba, ta buɗe baki a tsakiyar mata ta ce sakacin Sadiƙa ne ya kashe tsohuwar. Bahijja ta gwada haɗa su a waya, Sadiƙa ta ce ita ba ta san yafiyar waya ba, wanda ya faɗa mata magana ido da ido ya zo ya janye ta ido da ido. To, zuwa ƙauyen nan sai an ƙetare wani rafi marar gada, kuma da damina ta zauna, ba mota sai bayan an yanke gero.

Liti ya yi alkawari. Ya ce da zarar tirela ta iya ɗaukar kwanon ruwa ta dawo da shi bai zube ba, to ta iya ɗaukar Saude. Magana ce mai ma'ana, kowa ya yaba. Ya cire ganye biyu daga sifirin, ya rage iskar taya, ya jera buhunan yashi a ƙasa don nauyi ya danne tsalle. Duk da haka ruwa yana zuba. Ana cikin haka Dattijuwa ma ta kama tari, tana karkarwa idan an tayar da ita. Ya kwance kafireto ya wanke ya mayar, ya sake kwancewa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, ya ga irin wannan tafiya. Mahaifinsa ya zaga dangi neman yafiya ran Talata, ran Asabar aka kai shi makwancinsa. Tun daga nan Liti ya lura, kuma ya lura da yawa, cewa marar lafiya yana riƙe da ransa ne muddin akwai abin da bai gama ba. Ranar da ya sauke, ranar yake saki. Ya san malamai ba su faɗi haka ba, ya san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma da safe idan ya ji tarin Saude daga ɗaki, sai ya ɗauki sufana ya je ya nemi abin da zai kwance.

Ruwan farko ya sauka. Bayan kwana shida na biyu ya biyo, mutane suka fita shuka. Wani mai babur da ya fito daga wajen Rogo ya tsaya shan iska a gindin darbejiya, ya ce rafin ya kai gwiwa jiya, amma ya janye. Liti ya ce Allah ya kyauta, bai ɗago daga cikin inji ba.

Washegari da hantsi Saude ta ce a fitar da ita ta ga ɗakin nan da ake ta labari. Liti ya kawo uzurin rana, ya kawo na ƙura, ta yi ta kallonsa har uzurin ya ƙare. Shi da Bahijja suka ɗauko ta da katifarta, suka shigar da ita tirelar. Ta daɗe tana dube-dube. Ya saukar da taga ɗaya daidai idon mai kwance. Ya kafa ƙusa inda hannunta zai kai don rataye carbi. Ya naɗe duk wani ƙarfe da tsumma don kada ya yi ƙara. Ta shafa bangon ta ce aikin ya yi kyau, sannan ta ce ya kawo kwanon, yau da ita za a yi gwajin.

Ya je ya ciko shi kamar kullum, ruwa ya yi tozo a baki, yana rawa tun kafin a ajiye. Ta ce ƙishirwa take ji. Bahijja ta juya za ta ɗebo a randa, Saude ta ce a'a, wannan take so. Aka tallafo kanta. Haɗiya tana yi mata wuya, kowane kurɓi sai ta runtse ido, amma ba ta saki kwanon ba sai da ruwan ya sauka kamar yatsa biyu. Ta miƙa masa.

"Yanzu ajiye shi, Direba," in ji ta. Sunan da take kiransa ke nan tun suna da ƙuruciya. "Ko a ka aka ɗauko ruwa ba a cika shi haka."

Bahijja ta sunkuyar da kai ta koma cikin gida. Liti ya tsaya riƙe da kwano, ya fara bayanin injin da yake tari, Saude ta katse shi a hankali. Ta ce shekara arba'in tana jin motar nan daga ɗaki, ta san kukanta na rashin mai, ta san na sanyin safiya, ta kuma san na ranar da maigidanta ya sassauta wayar fulogi don kada maƙwabci ya are ta. Ta ce ya je ya mayar da wayar.

Ya zauna a bakin ƙofar tirelar, ya ba ta baya. Can ya ce, "Idan na kai ki, kin gama, Saude."

"Idan ba ka kai ni ba ma zan gama. Sai dai in tafi da maganar nan a wuyana." Ta numfasa. "Wa zai ɗaukar mini ita a can? Kai?"

Ya miƙe. Ya ajiye kwanon a gefen katifa, ya buɗe bonet, ya danna waya ɗaya da babban yatsa. Da ya murɗa makulli, Dattijuwa ta tashi sumul kamar ba ita ba.

Bayan azahar suka kama hanya, Bahijja tana zaune a baya kusa da uwarta. Liti bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowane rami sai ya sauka cikinsa da taya ɗaya, ya fito da ɗaya. Suka wuce Fulatan, masu shuka suna ɗagowa suna kallon ɗaki yana tafiya a bayan mota. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa.

A bakin rafi ya sauka, ya naɗe wando, ya shiga da ƙafa yana taka ƙasan yana neman tsakuwa. Ruwan ya kai ƙauri, ja ne, yana ɗauke da karare, alamar an yi ruwa a sama. Wanda ya ƙetare yau, ya san ba gobe zai dawo ba. Ya koma ya sa babbar giya mai ƙarfin ja, ya shiga.

A tsakiya tirelar ta ja baya, tayoyi suka fara haƙa yashi. Nan ne wurin. Idan ya ɗan sassauta ƙafa kaɗan, inji zai mutu, a nemo shanu su ja su baya, kuma babu mahalukin da zai ce laifinsa ne. Ya san haka sarai, ƙafarsa ma ta sani. Ya danne ta. Dattijuwa ta yi gurnani, ta dafe gaɓa, ta fito da su.

Ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya zagaya ya buɗe ƙofa. Ana hango rufin gidajen ƙauyen daga nan. Bahijja tana share ido. Saude tana kwance, ta juya fuska wajen 'yar tagarta, carbi a hannu. Kwanon yana inda ya ajiye shi, katakon gefensa a bushe.

"Bai zube ba," in ji ta.

"Bai zube ba."

Ya daɗe yana duba tayoyi, ya taɓa ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota, ya leƙa ƙarƙashi. Komai lafiya lau. Ɗigon farko ya buga rufin kwano, na biyu ya biyo. Ya rufe mata ƙofa a hankali, ya koma ya kama sitiyari.