Inda Gangunan Lachlan Suka Shiga

Ranar da aka kawo faifan, tun safe ake yayyafi a Dundee, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Lachlan Petrie ya karɓi kwalin a bakin ƙofa, ya ajiye shi kan teburin kicin, ya ci gaba da shafa wa burodinsa bota kamar bai san abin da ke ciki ba. Ya sani sarai. Tun bazara kamfanin faifai ya ba da sanarwar zai tattara fitattun waƙoƙin Karnukan Tasha wuri guda, ƙungiyar kiɗan rok ɗin da Lachlan ya kaɗa wa ganguna tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo shi.

"Ba za ka buɗe ba?" in ji matarsa Ishbel, tana ɗaura gyale a wuya.

"Me kika ce?"

"Juyo kunnen kirkin. Na ce ba za ka buɗe ba?"

"Sai na gama karyawa."

Ta dube shi, ta dubi kwalin. Ta ɗauki lema ta tafi wajen ƙanwarta.

Kunnen hagu na Lachlan ya daɗe da mutuwa. Shekarun da ya yi zaune a tsakiyar ganguna, manyan lasifikoki na ruri a bayansa, su suka cinye shi. Na daman ma ya fara ja da baya, kuma likita ya gaya masa gaskiya, cewa wasu sautuka za su riƙa ɓace masa ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Tun daga lokacin ya daina kunna kiɗa a gida. Yakan ce wa mutane ya ƙoshi ne, amma tsoro yake kada ya kunna ya gano abin da ya ragu.

Akwai kuma maganar Murdo Geddes, mawaƙin ƙungiyar. Shi kaɗai kamfanin ya nema, shi ya zaɓi waƙoƙin, shi ya zauna da masu gyaran sauti. Rabon Lachlan da shi tun jana'izar Eck Wishart, mai kaɗa musu jita, inda suka yi cacar baki a ƙofar coci a kan abin da yanzu babu ɗayansu da zai iya tunawa daidai.

Da gidan ya yi shiru, ya yanke kwalin. A jikin bangon faifan ga su nan su huɗu a bakin tashar jiragen ruwa, gashi har kafaɗa, kowa ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ya tuna sanyin da suka sha ranar, har ya ɗan murmusa. Ya shiga falo, ya share ƙurar tsohon garmaho da hannun riga, ya ɗora faifan, ya sauke allura.

Waƙar farko "Hayaƙin Masaƙa" ce, kuma duk wanda ya taɓa rawa a garin nan ya san da ganguna kaɗai take buɗewa kafin kowa ya shigo. Lachlan ya karkatar da kai yana jira. Shiru. Sai ƙaramin sautin allura a kan faifai. Can jitar Eck ta faɗo, muryar Murdo ta biyo ta, waƙa ta kama hanya, amma ƙarƙashinta wayam, kamar gidan da aka cire wa daɓe. Ya ƙara murya. Babu ganga. Ya tsallaka waƙa ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Ya ɗage allurar. Ya zauna a hannun kujera.

Abu biyu ne, ba na uku. Ko dai Murdo ya sa an kankare shi daga waƙoƙin, don dama ya taɓa faɗa masa a gaban jama'a cewa injin kiɗa ya fi shi, tunda inji ba ya makara kuma ba ya musu. Ko kuma abin da likita ya faɗa ne ya iso, kuma ya fara da sautin da ya fi kowane zama nasa. Ya buga tebur da yatsu, ya ji. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ji, ko kuwa a jikinsa ya ji? Ya kasa tantancewa. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne da ya kama kansa yana addu'ar Allah ya sa Murdo ne ya ci amanarsa.

Bai tsaya neman hula ba. Ya cusa faifan cikin kwat, ya hau bas mai tsallaka gada zuwa Tayport, inda Murdo ke zaune. Duk tsawon gadar yana kallon kogin yana shirya maganganun da zai yaɓa wa Murdo, da an kai ƙarshen jimla sai ta watse masa.

Ya tarar da Murdo a lambun gidansa cikin rumfar gilashi, yana tsinke ragowar tumatir. Ya yi ƙiba, kan ya zama sanƙo tas, ga tabarau a karan hanci. Mutumin da 'yan mata ke suma a gabansa, yau ga shi da takalmin roba da bokiti.

"A'a! Wa nake gani haka?" in ji Murdo. "Kurman Dundee da kansa. Wa ya mutu?"

"Ina ganguna na?"

"Waɗanne ganguna? Ba ka sayar da su ba?"

"Kada ka raina mini hankali, Murdo. A faifan. Ina ka kai su?"

Murdo ya ajiye bokitin, ya cire tabarau ya dube shi da kyau. Ya ga babu wasa a fuskar, ya ga kuma wani abu da ba fushi ba ne.

"Shigo ciki, ka jiƙe sharkaf," ya ce a hankali.

A falon Murdo komai tsaf, kayan sautinsa sababbi. Ya karɓi faifan daga hannun Lachlan, nasa na kansa bai taɓa ba, don kada a ce wani ne daban. Ya ɗora. Lachlan ya tsaya a tsakiyar ɗaki ruwa na ɗiga daga kwat ɗinsa, ya runtse ido kamar mai jiran allurar likita.

Sai gangunan suka fashe. Suka cika ɗakin, suka girgiza kofunan da ke cikin kabad, suka daki Lachlan a ƙirji. Ya ji babbar ganga, ya ji ƙananan, har ƙarar faranti na tagulla da ya tsage a gefe wanda ya yi ta fama da shi a shekarar da aka ɗauki waƙar, duk ya ji su ɗaya-ɗaya. Ya zube kan kujera da jiƙaƙƙen kwat ɗinsa.

"Ga su nan," ya ce. "Ga su nan, Murdo."

"To da ina za su? Ni ma da na so cire su ai ba za su ciru ba, ka fi kowa ƙara a faifan nan." Murdo ya rage murya. "A gida me ka ji?"

"Kai da Eck kawai."

Murdo ya dafe sanƙonsa ya fashe da dariya. "Kai, tsufa bai yi maka adalci ba! Ka manta yadda aka ɗauki faifanmu na farko? A ɗakin nan na saman shagon kifi, da na'urar da ta girmi ubanmu? Ni da Eck aka tura mu lasifikar dama, kai da Wattie mai babbar jita aka tura ku ta hagu. Lasifikarka ta hagu ce ta mutu, ba kai ba."

"Da na lura mana."

"Da wane kunnen? Kai da ko mota ta yi maka oda sai ka juya ta inda ba ta nan?"

Lachlan ya ciro waya ya kira Ishbel, Murdo ya matso da kunne ba kunya.

"Ke, lasifikar falo ta gefen taga, lafiyarta ƙalau?"

"Wacce? Wadda na ɗora wa tukunyar fure? Ai ta daɗe da shan ruwa ta mutu. Na ma cire wayarta don tana harɗe mini tsintsiya. Wa ke kunna ta a gidan? Kai kana ina ne haka?"

"Ina gidan Murdo."

Ta ce, "Murdo Geddes? Ba dai dambe kuke ba?"

"Tukuna dai," in ji Murdo da ƙarfi. "Sannu Ishbel!"

Da ya kashe wayar, Lachlan ya sunkuyar da kai ya daɗe a haka. Kafaɗunsa na motsi, shi kansa bai san dariya yake ko kuka ba. Murdo ya ba shi baya ya tafi kicin, ya ɓata lokaci wajen haɗa shayi fiye da yadda ake bukata, ya dawo da kofuna biyu da tawul.

"Goge kanka. Tunda ka zo, sai ka ji shi har ƙarshe, ka zage ni gaba ɗaya a huta."

Suka mayar da allura farko. Yanzu da ransa ya dawo jikinsa, bakin Lachlan ya buɗe. Ya yarda gyaran sautin ya yi kyau, an wanke waƙoƙin ba a canza musu kama ba, har numfashin Eck ana ji kafin ya shiga. Ya yarda kuma jera su bisa shekaru dabara ce, don mutum na jin yadda suka fara da yunwa da gaggawa, suka zo suka iya abin, sannan suka fara gajiya. Amma da aka iso "Matar Mai Gidan Haya" sai ya ture kofinsa.

"Wannan shirmen ma sai da ka saka?"

"Ita ce kaɗai waƙarmu da direban tasi ya sani. In babu ita kamfani ba zai buga ba."

"A bayan mota muka rubuta ta don mu ba Wattie haushi."

"To ga shi ita ake sa wa a bikin aure har gobe. Ni ma in na ji ta a kanti fita nake."

Suka juya faifan. Gefe na biyu ya fara da ƙarfi, ya zo ya lafa. Waƙoƙi biyu na ƙarshe, na zamanin da Murdo ya dage sai an cika komai da kayan lantarki, Lachlan ya ce sun yi kama da tallan sabulu. Murdo ya buɗe baki zai yi musu, ya saurara kaɗan, ya ce, "Ɗaya daga ciki dai. Ɗayar tana da kyau." Wadda aka ɗauka a gaban jama'a a Glasgow kuwa, Lachlan ya ce an yanke ta daidai inda ta fara daɗi, Murdo ya ce in ba a yanke ba ai har yanzu da suna nan suna sauraron shi yana dukan fata.

Da allura ta kai ƙarshe, Lachlan ya ɗauki bangon ya sake duba sunayen waƙoƙin.

"Babu 'Ruwan Lahadi'."

"Babu."

"Mafi kyawun abin da Eck ya rubuta a rayuwarsa, ka bar ta, ka saka tallan sabulu? Wannan kam ba zan yafe maka ba."

Murdo ya juya kofinsa a hannu. "Ita na fara rubutawa a jerin. Sai na je na gaya wa Rhona." Rhona ita ce matar marigayin. "Ta ce in taimake ta in cire. Ta ce ita ya yi wa waƙar, a kicin ɗinsu, kuma ba ta son wata rana tana zaɓen albasa a kanti ta ji muryar jitarsa ta faɗo mata daga sama. Duk mai son ji, ya nemi tsohon faifan. Kamfani sun yi ta magiya, na ce a'a."

Lachlan ya ajiye bangon faifan.

"Da ka faɗa mini."

"Da ka ɗauki waya."

"Kullum kai ne da gaskiya, ko?"

"Ba kullum ba. A ƙofar coci dai ban san wa ke da ita ba."

"Ni ma haka," in ji Lachlan.

Yunwa ta tashe su. Murdo ya ce akwai mai soya kifi a bakin ruwa wanda bai lalace ba tukuna, ya ara wa Lachlan busasshen kwat da ya yi masa yawa. A hanya ya ce ranar Lahadi zai kai wa Rhona tumatir, in Lachlan ba shi da abin yi, motar na da wuri.

"Zan zo da Ishbel."

"Ku zo. Amma tun yanzu in gaya maka, a 'Jirgin Asuba' ka yi sauri a baiti na biyu. Da can ba a ji, yanzu da aka wanke sautin ya fito fili."

"Ni na yi sauri? Kai ne ka shigo a makare, kana gyaran gashi."

"Wane gashin?"

"Lokacin ai akwai."

Haka suka gangara suna musu, Lachlan ya zagayo ta hagun Murdo don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Mai kifin ya tambaye su ko ya sa musu gishiri da ruwan tsami a kifin, sai da ya maimaita kafin ɗayansu ya kula shi.